Cokalin Mode

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar gidan Mode, a wani lungu na Runjin Sambo da keke biyu ba sa iya wuce juna sai ɗaya ya yi haƙuri. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan mutumin nan da idona na gan shi, wani kuma da hancina na shaƙe shi. Sunana Badaru, kuma kowa a unguwar ya san ba ni da dogon haƙuri. Ɗan abin da nake da shi ma a kan Mode ya ƙare.

Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Gwadabawa. Ya shigo birni yana saurayi, ya sami aikin dafa abinci a wata makarantar kwana, ya yi ta zuba wa 'ya'yan mutane shinkafa da wake har kansa ya yi fari. Waɗanda suka yi makarantar sun ce layinsa ya fi na kowa tsawo, don ludayinsa bai san rabi ba. Da shugaban makaranta ya gaji ya sauya masa ƙaramin ludayi, sai Mode ya karɓa da ladabi, ya koma zuba wa kowa sau biyu. Da ya yi ritaya ya kama turkar raguna a bayan gida. Ragon Mode in ya kwanta sai an taru a tashe shi. Kyanwar gidansa ta daina hawa katanga, sai dai ta zauna a ƙasa tana kallon ɓeraye suna wucewa. Ni kaina da nake maƙwabci kawai, na buɗe ƙugun wandunana har yadin ya ƙare.

Yana da wata ƙa'ida da ba mai iya raba shi da ita: duk abin da ya yi tari, yunwa yake ji. In ka kuskura ka yi gyaran murya a gabansa, ka shiga uku, kafin ka rufe baki an ajiye maka kwano.

Matarsa Atika mace ce mai tsafta har ta ɓaci, ba ta yafa mayafi sai fari. Lokacin da suna sabon aure, ba su da ko keken hawa, ya yi mata alkawarin wata rana sai ta zauna gidan gaba a motarsa. Mata da yawa an yi musu irin wannan alkawari sun manta, mazan ma sun manta. Mode bai manta ba. Yana yin ritaya ya sayo wata tsohuwar mota, irin ta da mai kafireta, wadda ta girmi duk 'ya'yansa, ya raɗa mata suna 'Yar Lele. Ranar da Atika ta fara shiga gidan gaba, ya zagaya da ita unguwa a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu har da waɗanda ba su gaishe shi ba.

Ba a daɗe ba 'Yar Lele ta fara hayaƙi. Ba farin hayaƙin nan na tsohuwar mota ba, baƙi ƙirin, mai warin ɗanyen fetur, wanda ke sa ido hawaye. In ya tashe ta da safe sai ta yi ta kakari tana girgiza, ta saki wata ƙara ta salansa, kajin lungun su watse. Mai kuwa tana shan sa ba ji ba gani, shi kuma abin alfahari ne a wurinsa. Salansar tana kallon shagona kai tsaye. Wata farar shadda da na rataya ta wani ango, kafin azahar ta koma ruwan toka, sai da na rantse wa angon cewa sabon yayi ne. Na tsallaka na yi wa Mode faɗa har muryata ta dushe, na yi tari. Ya saurare ni tsaf, sannan ya leƙa cikin gida ya ce a kawo min fura.

Abin ya kai maƙura ranar wani biki a Minanata. Motar ta mutu a kan hanya, ta ƙi tashi. Atika ta sauka ta tsaya a baya tana jira, wasu mutanen kirki suka tura. 'Yar Lele ta tashi da wata tsawa, ta juye wa Atika duk abin da ke cikinta. Haka Atika ta shiga gidan biki, matan suna tambayarta ko ta fara sana'ar gawayi ne. Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai ce daga ranar ita da motar nan sai kallo. Tun daga nan wani mai keke mai ƙafa uku ke zuwa ƙofar gida ya yi hon, ta fito fes ta wuce 'Yar Lele ta shiga. Mode kan tsaya da tsumman goge gilashi a hannu yana bin keken da kallo har ya sha kwana. Duk haushinsa da nake ji, wannan tsayuwar tana ba ni tausayi.

Sai ga 'yarsu Sadiya, da ke aure a Arkilla, ta haihu, na uku ke nan. Mode ya ware ragon da ya fi kowanne ƙiba ya ce na suna ne, kuma shi zai kai shi ranar jajibiri, rago a baya, Atika a gaba. Atika ta aiko aka karɓi ƙyallen farar shadda a wurina, ta fito da shi zaure, ni ina tsaye.

"Malam, ga sharaɗina," ta ce. "A tada ta, a kara wanga ƙyalle ga salansa. In yah hito hwari, ni shiga. In ko yay yi baƙi, ku tahi kai da ragonka, ni keke na nan."

Nan aka nemo Ishaya. Bakanike ne, mutumin wajen Kafanchan, amma ya daɗe a Sakkwato har zafin garin ya daina ba shi mamaki. Yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu taɓa kafireta, don sababbin kanikawa in ba su jona na'ura ba ba sa gane komai. Ya zo da akwatin kayan aiki, ya tada motar, ya ja da baya yana fifita fuska da hula. Ya kashe ta ya kwance fulogi ɗaya, ya goga a tafin hannu, ya nuna wa Mode baƙin da ya bari.

"Baba Mode, ka gani? Mai ya yi mata yawa, iska ta yi kaɗan. Aikin kafireta ke nan, ta gauraya su daidai. Kai da ka yi aikin abinci, kamar kunu ne, gari ya yi yawa ruwa ya yi kaɗan."

"To ai kunu mai kauri shi na kunu," in ji Mode.

Ishaya ya dube ni, na ɗauke kai. Ya buɗe murfin matacin iska, sai ya tsaya cak. Ya sa yatsa biyu ya zaro hular sanyi, irin ta ulu mai tuntu, ya sake sa hannu ya zaro guntun bargo.

"Wa ya sa wannan?"

"Ni na. Da sanyin bara tana ta tari da sahe, nic ce mura ta."

"Baba, ta nan take numfashi! Ka toshe mata hanci!"

Ya jefar da hular, Mode ya bi ta ya ɗauka ya kakkaɓe. Ishaya ya duba cok, ɗan murfin da ke rage wa inji iska, ya ga yana buɗewa yadda ya kamata. Ya kwance saman kafireta ya duba ɗan kwanon da mai ke taruwa a ciki, da allurar da ke tsayar da man in ya cika, ya hura ƙananan kafofin da baki har kumatunsa suka kumbura. Ya wanke fulogai ya mayar. Daga ƙarshe ya tada inji, ya sa sukundireba a kan wani ɗan sukuru a gindin kafireta, ya karkata kai yana saurare, yana ɗaure shi kaɗan-kaɗan. Girgizar ta lafa, hayaƙin ya ɗauke, motar ta koma wani lallausan sauti da ban taɓa jin ta yi ba. Na ji daɗi har na yi wa Ishaya alkawarin rigar Kirsimeti. Mode kaɗai ne fuskarsa ba ta sake ba, ya ce shi dai ya ji muryarta ta yi rauni.

Washegari da safe ina cikin shimfiɗa yadi a tebur, sai ga baƙin hayaƙi ya shigo min shago ba sallama.

Ishaya ya dawo ya sake gyarawa. Kashegari hayaƙi. Ya sauya allurar, ya sauya fulogai. Hayaƙi. Ya kwance kafiretar gaba ɗaya ya tafi da ita gida ya jiƙa ta a fetur cikin robar wankin matarsa Naomi, abin da ya jawo masa kwana ba miya. Ya dawo ya ɗaura, ta yi lafiya lau har magariba, da safe ta koma gidan jiya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana wannan aiki ya fara tafiya yana magana shi kaɗai. 'Yan lungu suka ce iskoki ne suka shige ta. Wata tsohuwa ta aiko da turaren wuta a kasko a yi mata, na ce a mayar mata da abinta, hayaƙin da muke da shi ya ishe mu. Suna kuma yana ta matsowa, Atika ta wanke ƙyallenta ta goge ta ajiye.

Ana nan sai Ishaya ya shigo shagona da la'asar, ya zauna a kan tulin yadi, ya miƙo min yatsansa.

"Badaru, shinshina."

Na ce masa ni ba na shinshina yatsun mutane. Ya nace, na shinshina. Daddawa.

"A kan sukurun nan na taɓo shi," ya ce. "Kullum ina ɗaure shi, kullum ina tarar da shi a kwance. Na ɗauka girgizar inji ce. To inji ba ya cin miyar kuka."

Ya ciro kwalbar jan farcen Naomi daga aljihu, wanda na tabbata bai tambaye ta ba, ya je ya ɗiga a kan sukurun don ya ga ko za a taɓa. Amma bai iya jira ba. Gari na wayewa, bayan mun dawo daga masallaci, na tarar da shi a ƙofar shago. Muka shiga muka laɓe a bayan rigunan da ke rataye, ni da gemuna, a cikin shagona na kaina.

Sai ga Mode ya fito. Ya duba gabas ya duba yamma. Ya buɗe bonet a hankali, ya shafa injin yadda yake shafa wuyan rago, ya sa hannu a aljihu ya ciro cokali. Na san cokalin nan, da shi yake ɗanɗana miya tun yana makaranta, ya goge wutsiyarsa a dutse ta yi faɗi. Muna jin sa yana cewa, "Yi haƙuri, 'Yar Lele. Sun bar ki da yunwa ko? Ga kaɗan, kar ki hwaɗa ma kowa." Ya sa wutsiyar cokalin a kan sukurun ya fara kwancewa.

Ishaya ya fita a guje, rigar wani alhaji na biye da shi a kafaɗa.

"Baba Mode! Ashe kai ne! Na kusa in bar sana'a saboda kai!"

Mode bai ko ji kunya ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ishaya, kai yaro na mai kirki, amma kana da rowa. Kullum in ka tahi sai in ji ta tana tari. Abin ga da kaka ba ta, ko ɗan tsako ba shi ƙoshi da shi."

"Ba yunwa ba ce! Cushe ne! Kai ne kake shaƙe ta!"

"Ni ka shaƙe ta? Ni da nis saye ta?"

Ni ma na sa baki, na kawo zancen shaddar ango da duk yadin da na yi asara. Hayaniyarmu ta fito da Atika. Ta dubi bonet a buɗe, ta dubi jan farce a fashe, ta dubi cokali. Ta miƙa hannu, Mode ya sa mata cokalin a tafi.

"Malam, ragunanka na kuka, ba a ba su dusa ba," ta ce.

Ya shige gida sumui-sumui. Ita kuma ta tsaya a bakin zaure tana juya cokalin, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta kallon kowa a cikinmu. Ta ce lokacin babban farin nan da aka yi Mode yana yaro, yana da ƙane, Gazali, wanda kullum yana goye da shi. Rumbu ya ƙare, yaron ya kama wani busasshen tari, uwarsu ba ta da abin ba shi sai ruwan zafi. Bai kai damina ba. Mutanen ƙauye sun ce tari ne ya kashe shi, Mode ya ce shi ya san ba tari ba ne.

"Tun sannan," ta ce, "in yaj ji tari, ba shi iya zama. Ku yi haƙuri da shi. Ishaya, ɗaure abinka. Cokali na wurina."

Ni da na zo da sauran faɗa a bakina, sai na rasa inda zan kai shi. Na koma shago na zauna a gaban keken ɗinki, na daɗe ban taka ba.

Ranar jajibirin suna rabin lungu ya fito kallo. Aka cire kujerar baya, ƙarti suka taru suka ɗaga ragon suna nishi suka cusa shi ciki, bayan motar ya zauna har ya kusa taɓa ƙasa. Aka ce sai wani ya riƙe shi, kuma ban san yadda aka yi ba kowa ya juyo yana kallona. Haka na shiga da sabon kaftanina na tsuguna kusa da rago. Mode ya murza makulli, 'Yar Lele ta tashi. Ishaya ya karɓi ƙyallen daga hannun Atika ya kara a bakin salansa, ya ce wa Mode ya taka, ya taka. Ya ɗaga ƙyallen sama kowa ya gani. Atika ta karɓa ta duba gaba ta duba baya, ta kai shi hanci. Sannan ta gyara farin mayafinta ta shiga gidan gaba. Yara suka sa ihu.

Amma fa ba ta sallami mai kekenta ba. Ta ce ya biyo mu a baya, ko da wani abu. Ishaya ya ɗauki akwatinsa ya shige keken, shi ma ko da wani abu. Haka muka kama hanyar Arkilla, Mode yana tuƙi yana satar kallon keken ta madubi.

Mun yi nisa, komai lafiya, sai ragon ya juyo ya huro min numfashi a fuska. Na yi iya ƙoƙarina in danne, abin ya fi ƙarfina, na saki tari, busasshe, daga can ƙasa. Mode ya taka birki har ni da ragon muka rungumi juna. Ya gangara gefen titi. Na ga hannunsa ya tafi aljihu yana lalube, bai sami komai ba, ya tafi wajen abin buɗe bonet. Keken ya tsaya a bayanmu. Atika ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu.

"Malam."

"Kin ji ta, Atika. Ta yi tari."

"Malam, dube ni. Ba ta jin yunwa. Rago ya ƙoshi, Badaru ya ƙoshi, ɗiyanka dut sun ƙoshi, jikanka na can shina shan nono. Babu mai jin yunwa. Kowa ya ƙoshi, Malam."

Ya tsura wa sitiyari ido. Injin yana ta aikinsa a hankali, ba girgiza ba kakari. Ya sa gefen hannun riga ya goge ido, ya ce zufa ce. Ni kuma daga baya na ce, "Mode, ni na niy yi tari. Ragon ga naka bakinai wari shikai."

Ya waiwayo ya dube ni. Ya sa hannu a ɗaya aljihun, ya ciro dabino ya miƙo min. Na karɓa, me zan ce. Ya sa giya muka ci gaba.

A ƙofar gidan Sadiya mata sun cika, ana ta daka da wanke tukwane, wasunsu ma su ne na bikin Minanata. Atika ba ta yi saurin sauka ba. Ƙofar gefenta ba ta buɗuwa ta ciki, ta kuwa zauna daram sai da Mode ya zagayo ya buɗe mata. Ta fito a hankali, ta kakkaɓe mayafin da babu abin kakkaɓewa a jikinsa, ta tsaya sai da kowa ya gan shi fari. Mai keke ya leƙo ya tambaye ta yaushe zai dawo ɗaukarta bayan suna.

"Yi tahiyakka," ta ce, da muryar da duk matan za su ji. "Ina da mai kai ni."

Mode ya yi kamar bai ji ba. Ya duƙa yana ta goge madubin da ya riga ya goge, ni kuma ina ciki da rago ina jiran wani ya tuna da mu.